Wa Za Mu Bari Ya Shigo Zaurenmu?

Sanin kowa ne cewa Bahaushe mutum ne mai son hira. Da wuya ka ratsa wata unguwa a Kano ko Zariya ko Katsina bayan la'asar ba ka tarar da majalisa a bisa dakali ko a gindin dalbejiya ba, kamar yadda da wuya ka kwana a Damagaram ko Yamai ba ka ga samari sun kewaye butar shayi a fadarsu ba. A irin wannan zama babu shugaba, babu magatakarda, babu kuma batun da aka tsayar tun farko. Akan fara da tsadar masara, a gangara kan ƙwallo, a taɓa siyasa, a ƙare da labarin wanda ya yi amarya. Wanda bai lura ba zai ɗauka ɓata lokaci ne kawai. Amma a nan ne ake jin labarin wanda ke kwance ba lafiya, a nan ake haɗa gudummawar biki, a nan kuma matashi ke koyon yadda ake saɓa wa babba ba tare da rashin kunya ba.

A yau wani babban kaso na wannan hira ya ƙaura ya koma cikin wayar hannu. Tun da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, sannan intanet ta biyo ta har cikin aljihunmu, muka samu sababbin wuraren zama: zaurukan WhatsApp da Telegram, shafukan Facebook, da su X da Instagram da TikTok. Tare da wannan ƙaura kuma aka danƙa mana wani iko wanda kakanninmu ba su taɓa samun irinsa ba. A majalisar dakali ba ka da ikon hana maƙwabcinka zama, ko da kuwa maganarsa ba ta yi maka daɗi. A cikin waya kuwa, da taɓawar yatsa ɗaya za ka iya ɗauke muryar mutum daga kunnenka, shi kuma bai ma sani ba. Tambayar da muke son mu duba ita ce: shin daidai ne mutum ya gyara dandalinsa yadda ba zai ga kowa ba sai wanda yake so, ba zai ji komai ba sai abin da ya yi masa daɗi? In kuwa daidai ne, to ina iyakarsa?

Dillalin da ba a gani

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu fahimci yadda wurin yake. Mutane da yawa suna ɗauka cewa abin da suke gani idan sun buɗe Facebook shi ne abin da abokansu suka rubuta, bi da bi. Ba haka abin yake ba. Kamfanin, wanda aka kafa a 2004, ya fito da jerin labaran nan na shafin farko a watan Satumba na 2006. Da yake abin da abokai da shafuka ke zubawa ya fi ƙarfin idon mutum ɗaya, sai aka ɗora wa na'ura aikin tacewa. Akwai wani tsarin lissafi da ke ba kowane saƙo maki, gwargwadon yadda ya yi hasashen za ka tsaya a kansa, ko ka yi sharhi, ko ka tura wa wani. Mai maki da yawa shi ke hawa sama, marar maki kuma ya nutse. Twitter da Instagram, waɗanda da can suke jera saƙonni bisa lokacin da aka aiko su, su ma sun rungumi irin wannan tsari a 2016.

Bari mu kira wannan tsarin lissafi da sunan da ya dace da shi a kasuwa, wato dillali. Dillali yana da amfani, domin kuwa yakan rage wa mai saye wahalar yawo rumfa rumfa. Sai dai la'adar wannan dillali daga masu talla take fitowa, kuma tana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewarka a rumfarsa. Saboda haka abin da ya dame shi shi ne ka daɗe, ko da murna ka daɗe ko da ɓacin rai.

Abubuwa biyu sun isa misali. A watan Janairu na 2012, Facebook ya yi wani gwaji na mako ɗaya a kan mutum 689,003 ba tare da saninsu ba. An rage wa wasu saƙonnin farin ciki, wasu kuma aka rage musu na baƙin ciki, aka kuma ga cewa abin da su kansu suka rubuta daga baya ya ɗan karkata ga irin abin da aka bar musu. Da aka buga sakamakon a 2014, jama'a sun yi ta ƙorafi. Na biyu kuma, takardun da wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin mai suna Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 an riƙa ba alamomin nan na 'yan fuskoki, har da ta fushi, maki ninki biyar na alamar so ta babban yatsa, kafin daga baya a rage. Ke nan akwai lokacin da abin da ya tunzura mutane ya fi abin da ya burge su saurin isowa gabanmu.

Hujjar mai gyara

Idan mun fahimci wannan, rabin tambayarmu ya samu amsa. Wanda ya ce shi ba ya gyara shafinsa, komai ya zo yana kallo, yana ganin kansa a matsayin mai buɗaɗɗen zuciya, alhali kuwa ya sakar wa dillali linzami ne. Babu wani shafi da ba a tace ba. Abin da ya rage kawai shi ne a san wanda ya tace, kai ko wanda ke cin riba da lokacinka. Ta wannan fuska gyaran shafi ya wuce halas, ya kusa zama wajibi ga duk mai mutunta hankalinsa. Tun a 1971 masanin nan na Amurka, Herbert Simon, ya yi nuni da cewa duk inda bayanai suka yi yawa, abin da ke yin ƙaranci shi ne hankalin da za a saurare su da shi. Hankali dukiya ce ƙididdigaggiya, kamar kwanakin rayuwa, kuma wanda ya bar ƙofar rumbunsa a buɗe bai isa ya kira kansa mai kyauta ba.

Kayan aikin gyaran kuwa suna nan, ko da yake akan ɓoye su a can cikin lungun manhaja. A Facebook za ka iya daina bin mutum ba tare da ka cire shi daga abokanka ba, ko ka dakatar da ganin saƙonninsa na kwana 30, ko ka ware waɗanda kake son su riƙa zuwa a sahun gaba. Instagram ya dawo da zaɓin jeri bisa lokaci a 2022. A X akwai damar haɗa jerin mutane na musamman, da damar toshe wasu kalmomi. A WhatsApp za ka iya kashe ƙarar zaure, ka kuma iyakance waɗanda ke da ikon jefa ka cikin sabon zaure ba da izininka ba. Dandalin Mastodon, wanda wani Bajamushe mai suna Eugen Rochko ya fito da shi a 2016, bisa lokaci yake jera saƙonnin waɗanda kake bi, shi kuma Bluesky tun 2023 ya ba masu amfani da shi damar zaɓar irin jerin da suke so. A ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ce ta tilasta wa manyan kamfanoni, tun daga 2023, su samar da aƙalla zaɓi ɗaya wanda ba ya dogara da bin diddigin halayen mutum.

Bugu da ƙari, al'adarmu ba ta taɓa cewa a zauna da kowa ba. Iyayenmu ne suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi kansa ginin gidan Bahaushe darasi ne a kan tacewa: akwai ƙofar gida, akwai zaure, akwai shigifa, akwai tsakar gida, kuma kowane baƙo da inda yake tsayawa. Kada kuma mu manta cewa majalisar dakalin da muke yabo ta maza ce. Mace mai aure da ke cikin gida ba ta da gurbi a cikinta, yaro kuma sau da yawa nasa ido ne. Waya ce ta ba dubban mata zauren da za su yi hira, su koyi sana'a, su sayar da turaren wuta ko labarin da suka rubuta. Su ne kuma suka fi fuskantar zagi da saƙonnin batsa daga mutanen da ba su sani ba. Duk wanda ya ce wa irin wannan baiwar Allah kada ta toshe mai cin mutuncinta wai don ta zama mai sauraron kowa, to bai yi mata adalci ba.

Inda gizo ke saƙa

To amma wuƙar da ke yanke ƙaya ita ce ke yanke reshe mai 'ya'ya. Tun a 1995 Nicholas Negroponte ya yi hasashen zuwan wata irin jarida da za a riƙa shirya wa kowane mutum tasa shi kaɗai, daidai da abin da yake sha'awa. Shi da murna ya faɗa. Amma a 2001 masanin shari'a Cass Sunstein ya yi gargaɗin cewa al'ummar da kowa ke karanta tasa jaridar za ta rasa abin da ya haɗa ta, a 2011 kuma Eli Pariser ya rubuta littafi a kan yadda tacewar na'ura ke killace mutum cikin abin da ya riga ya yarda da shi.

Yana da sauƙi mu ɗora wa na'ura laifin duka mu wanke hannunmu. Sai dai bincike bai ba mu wannan mafaka ba. A 2023 an buga sakamakon wasu gwaje-gwaje da aka yi da haɗin kan kamfanin Meta a lokacin zaɓen Amurka na 2020. A ɗaya daga cikinsu an mayar wa wasu mutane jerinsu bisa lokaci har tsawon wata uku. Sun rage daɗewa a dandalin, amma ba a ga wani canjin a zo a gani ba a tsananin ra'ayinsu na siyasa. Wannan na nuna mana cewa ko an kori dillali, mai saye yana nan da son zuciyarsa. Mu ne muka zaɓi waɗanda muke bi, mu ne kuma muke jin daɗin a gaya mana cewa muna da gaskiya.

A nan ne batun ya zama na ɗabi'a. Akwai bambanci tsakanin wanda ya cuce ka da wanda ya saɓa maka, amma a lokacin da rai ya ɓaci su biyun kama suke yi da juna, kuma maɓalli ɗaya ne ke kawar da su. Yau ka toshe mai zagi, ka yi daidai. Gobe ka daina bin abokin makarantarku saboda ya koma wata jam'iyya. Jibi ka kashe muryar ɗan'uwanka saboda fahimtarsa ta addini ta bambanta da taka. Kafin shekara ta zagayo ka wayi gari kowa a shafinka da bakinka yake magana, har ka fara mamakin yadda aka yi mai hankali zai ga abu ba yadda ka gan shi ba. Daga nan kuma taki ɗaya ne zuwa ga cewa duk wanda ya saɓa maka ko dai jahili ne ko kuwa an saye shi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Idan mutum biyu suka yi gaba a unguwa, kowa ya sani. Dattawa sukan kira su a yi sulhu, ko ranar salla ta zo a yafi juna. Amma ƙauracewar cikin waya a ɓoye take. Wanda ka daina bi yana nan yana ɗauka kuna tare, babu dattijon da zai shiga tsakani tun da babu wanda ya san an ɓata. Ranar da ya sanar da rasuwar mahaifiyarsa a shafinsa ba za ka gani ba, in kun haɗu kuma ka ce wallahi ba ka ji ba. Gaskiya ka faɗa, amma wa ya toshe kunnen? Rashin sanin da mutum ya gina da hannunsa uzuri ne mai rauni. Wanda ya karɓi ikon zaɓar abin da zai ji ya karɓi alhakin abin da ya ƙi ji tare da shi.

Darajar hirar banza

Mai karatu zai iya cewa, to ai maganin a fili yake: kowa ya nemo masu adawa da ra'ayinsa ya riƙa bin su. An gwada wannan. A wani bincike da aka buga a 2018, Christopher Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun biya wasu Amurkawa masu amfani da Twitter kuɗi domin su yi wata ɗaya suna ganin saƙonnin ɓangaren da suke adawa da shi. Maimakon su sassauto, sai magoya bayan jam'iyyar Republican suka ƙara tauri a kan ra'ayinsu, na Democrat kuma ba a ga sun sassauto ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san halin ɗan Adam. Idan baƙon da ba ka taɓa shan ruwa tare da shi ba ya tare ka da gardama, garkuwa za ka ɗaga.

Wani binciken kuma, wanda Magdalena Wojcieszak da Diana Mutz suka buga a 2009, ya gano cewa Amurkawa sun fi haɗuwa da ra'ayin da ya saɓa wa nasu a zaurukan da aka kafa don sha'awa da nishaɗi, inda siyasa ke faɗowa cikin zance ba da shiri ba, fiye da zaurukan da aka kafa don siyasar kanta. Dalilin a bayyane yake. Zauren siyasa ra'ayi ne ya tara shi, saboda haka masu ra'ayi ɗaya ne a ciki. Zauren masu kiwon tantabaru kuwa tantabara ce ta tara shi, ita kuwa ba ta tambayar jam'iyya ko ɗarika. Wanda ya gaya maka maganin da ya ceci kajinka, ko wanda kuka yi baƙin ciki tare ranar da aka ci Kano Pillars, idan wata rana ya faɗi abin da ba ka yarda da shi ba, za ka saurare shi, domin ka riga ka san shi mutum ne kafin ka san ra'ayinsa.

Wannan shi ne sirrin majalisar dakali tun asali, shi ne kuma abin da masanin zamantakewa Ray Oldenburg ya kira wuri na uku a littafinsa na 1989, wato wurin da ba gida ba, ba kuma wurin aiki ba, inda mutane ke haɗuwa don hira kawai. Saboda haka neman zauren hira marar nauyi, na girki ko dambe ko gyaran waya ko tsofaffin hotunan garinmu, ya fi ƙarfin nishaɗi. Ta nan ne baƙo ke shigowa rayuwarmu ta ƙofar da ba mu sa mata gadi ba.

Ba kowane zaure ne ke yin wannan aiki ba. Na kirki yana da alamomi. Yawan jama'arsa bai kai a kasa gane juna ba, domin ko da WhatsApp ya yarda zaure ya ɗauki mutum 1,024, masanin Ingila Robin Dunbar ya ƙiyasta cewa mutanen da ɗan Adam ke iya riƙe hulɗa ta sosai da su ba su wuce kimanin 150 ba. Yana da doka, kuma dokar na hawa kan wanda ya kafa shi. Idan sabon shiga ya yi tambayar da ta nuna rashin sani, amsa ake ba shi ba dariya ba. Mutum kuma yana iya cewa ya canza ra'ayi ba tare da an yi masa ihu ba.

Namu na marubuta

Wannan magana ta shafi kowa, amma mu masu alƙalami ta fi shafa. Waɗanda suka ga shekarun 1990 suna tune da muhawarar da aka tafka a shafukan Nasiha da New Nigerian a kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda Ibrahim Malumfashi ya yi suka mai zafi, su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu kuma suka mayar da martani. An ji jiki, amma shafi ɗaya kowa yake karantawa, kuma marubucin da aka soki littafinsa ba shi da maɓallin da zai danna mai sukar ya ɓace. Dole ya karanta, ya ji haushi, sannan ya yi tunani. A farkon shekarun 2000 irin wannan musayar ta koma zaurukan Yahoo irin su Finafinan Hausa da Marubuta, kafin kamfanin ya rufe wannan sashe nasa baki ɗaya a watan Disamba na 2020, abin da ya kamata ya tuna mana cewa duk waɗannan zauruka gidan haya ne.

A yau marubuciya ko marubuci na iya buɗe zaurensa, ya tara masoyansa, ya riƙa sakin labari shafi shafi, su kuma suna amsawa da Allah Ya ƙara basira. Wannan ni'ima ce, domin ta ba mutane da yawa masu karatu da abin sawa a baki ba tare da sun bi ta maɗaba'a ba. Amma idan duk wanda ya ce wannan babin bai yi ba za a cire shi daga zaure, to wa zai gaya wa marubuci gaskiya? Yabo abinci ne mai daɗi wanda ba ya gina jiki.

Ban da suka ma, akwai batun kunne. Aikinmu shi ne mu sa mahauci ya yi magana kamar mahauci, alƙali kamar alƙali, kishiya mai makirci kuma ta kawo hujjar da ita kanta ta gamsu da ita. Wanda ya share duk muryoyin da ba irin tasa ba, daga ina zai samo waɗannan? Taurarinsa duka da harshensa za su riƙa magana, mugun cikin labarinsa kuma zai zama dodon kwali, domin marubucin bai taɓa zama ya saurari yadda wanda ya ƙi yake kallon duniya ba. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Shi ne jarin marubuci na farko, kafin alƙalami da takarda.

Kammalawa

Abin da muke gani ke nan. Mu gyara shafukanmu da hannunmu, kada mu bar wa dillali. Mu toshe mai zagi da mai yaɗa ƙarya da mai batsa ba tare da jin nauyi ba. Amma kafin yatsa ya sauka, mu tambayi kanmu: wannan mutum cutar da ni ya yi, ko kuwa ya faɗi abin da ba na son ji ne kawai? In na biyun ne, mu ɗaga masa ƙafa. In kuma ɗan'uwa ne ko tsohon aboki da dole ta sa muka rage jin sa, to mu riƙa leƙa shi da kanmu lokaci lokaci, tun da zumunci a ƙafa yake. Sannan kowannenmu ya nemi aƙalla zaure ɗaya wanda ba na marubuta ba, ba na jam'iyyarsa ba, ba kuma na masu fahimta irin tasa ba, ya zauna a ciki a matsayin ɗalibi.

Magabatanmu da suka gina gida sun yi masa katanga, sun kuma yi masa zaure, suka shimfiɗa tabarma a ciki domin wanda bai riga ya iso ba. Allah Ya ba mu kunnen sauraro da alƙalami mai adalci, amin.